Yadda Ake Zaɓen Maganin Antibayotik Don Ciwon Mafitsara Maras Sarƙaƙiya

Ciwon mafitsara da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa yana cikin manyan dalilan da ke sa a rubuta wa mata maganin antibayotik a ko'ina cikin duniya, kuma yawansa ne ya sa ma'aikatan lafiya da dama suka saba da shi har hannu yake riga tunani wajen rubuta magani. Mace za ta zo tana kukan zafin fitsari, kafin ta gama bayani an riga an rubuta mata ciprofloxacin, ta sha ta ji sauƙi, kowa ya ɗauka an yi daidai. A ganina wannan ita ce babbar ɓarakar da ke cikin kula da wannan ciwo, domin magungunan da suka fi dacewa da shi tsofaffi ne, sanannu ne, ba su wuce huɗu ko biyar ba, kuma zaɓen wanda ya dace a cikinsu ba ya buƙatar komai face 'yan tambayoyi da za a yi a tsanake. An tsara bayanin da ke tafe ne domin ma'aikacin lafiya mai rubuta magani, da kuma majinyaciyar da ke son fahimtar dalilin da ya sa aka ba ta wani magani aka hana ta wani. Bai kamata kowa ya ɗauke shi a matsayin izinin sayen antibayotik ba tare da an duba shi ba.

A fara tabbatar da cewa ciwon ya tsaya a mafitsara

Kafin a ambaci sunan kowane magani, wajibi ne a san ko ciwon da ke gabanmu yana cikin wanda ake kira maras sarƙaƙiya, domin duk abin da za a faɗa game da gajeren magani na kwana uku ko biyar ya dogara ne a kan wannan. A ma'anar da aka daɗe ana aiki da ita, ciwon mafitsara maras sarƙaƙiya shi ne wanda ya sami mace baliga mai ƙoshin lafiya, wadda ba ta da juna biyu, ba ta da wata nakasa ko toshewa a hanyar fitsarinta, kuma ba a sa mata robar fitsari ba. Alamominsa su ne zafi ko raɗaɗi yayin fitsari, yawan zuwa fitsari ana yin kaɗan-kaɗan, matsuwar da ba ta bari a jinkirta, da ciwo ko nauyi a mara, wani lokaci kuma a ga jini a fitsarin. Idan mace ta zo da zafin fitsari da yawan fitsari, kuma babu ƙaiƙayi ko fitar ruwa daga gabanta, yiwuwar cewa ciwon mafitsara ne ta haura kashi 90 cikin 100, don haka bayaninta kaɗai yakan isa a fara magani.

Wannan sharaɗi na rashin fitar ruwa da ƙaiƙayi yana da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Zafin fitsarin da ya zo tare da fitar ruwa daga gaba, ko ƙaiƙayi, ko ciwo yayin saduwa, ya fi nuna cutar farji ko wata cuta da ake ɗauka ta hanyar jima'i, kuma babu ɗaya daga cikin magungunan mafitsara da za a iya dogara da shi wajen warkar da waɗannan. Haka nan jinin da ke fitowa a ƙarshen fitsari ba tare da zafi sosai ba, ga wanda ke mu'amala da ruwan tafki ko rafi a yankunan da ake samun tsargiya, yana buƙatar gwaji na daban da magani na daban.

Sai kuma alamomin da ke nuna ciwon ya haura zuwa ƙoda: zazzaɓin da ya kai digiri 38 ko fiye, rawar sanyi, ciwon kwiɓi ko gefen baya, tashin zuciya da amai. Da zarar an ga ɗaya daga cikin waɗannan, an fita daga batun da muke magana a kai, domin magungunan da suka fi kyau ga mafitsara su ne kuma mafi ƙarancin ƙarfi a kan ciwon ƙoda, kamar yadda za a gani. Mai juna biyu, da namiji, da ƙaramin yaro, da mai tsakuwar ƙoda, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, da mai ciwon sugan da bai daidaita ba, duka suna buƙatar gwajin fitsari da kulawa ta musamman, kuma galibi maganinsu yakan ɗauki kwanaki fiye da na sauran. Wasu sababbin ƙa'idoji sun fara karkata zuwa raba ciwon gida biyu kawai, wanda ya tsaya a mafitsara da wanda ya bazu a jiki, amma ko a ƙarƙashin wannan rabo ba a cika yi wa namiji da mai juna biyu gajeren magani irin na sauran mata.

Ƙwayar cutar da ake nufa

A mafi yawan lokuta ana rubuta maganin ne kafin a san ainihin ƙwayar da ta jawo ciwon, kuma hakan ba laifi ba ne, domin an san wadda ta fi yawa. Ƙwayar Escherichia coli, wato E. coli a taƙaice, wadda mazauninta hanjin ɗan'adam ne, ita ke haddasa kashi 75 zuwa 95 cikin 100 na irin wannan ciwo, saura kuma ya rabu tsakanin Staphylococcus saprophyticus, wadda aka fi gani a matasan mata, da Klebsiella da Proteus. Saboda haka tambayar da mai rubuta magani zai yi wa kansa ita ce: wane magani ne yake taruwa da yawa a cikin fitsari, har yanzu yake kashe E. coli a yankin da nake aiki, kuma ba zai yi wa sauran ƙwayoyin hanji masu amfani ɓarna mai yawa ba? Wannan sharaɗi na uku shi ne wanda ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka, IDSA, tare da takwararta ta Turai suka ba wa muhimmanci a ƙa'idojinsu da aka wallafa a 2011, inda suka nuna cewa bai isa a duba ƙarfin magani kawai ba, dole a duba irin ɓarnar da yake bari a baya, wato yadda yake share ƙwayoyin da ba ruwansu ya bar masu taurin kai su yi yawa.

Gwajin tsinken fitsari, wanda ake tsomawa a ga canjin launi, yana taimakawa idan alamomin ba su fito sarai ba. Samun sinadarin naitirait a fitsari yana ƙarfafa zaton ciwon, amma rashinsa ba ya kore shi, domin wasu ƙwayoyin, irin su Staphylococcus saprophyticus, ba sa samar da shi, kuma fitsarin da bai daɗe a mafitsara ba yakan fito babu shi. Gwajin kalca kuwa, wato renon ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje domin a ga magungunan da ke kashe ta, ba dole ba ne ga macen da wannan ne karonta na farko kuma alamominta sun fito fili. Yana zama dole idan ciwon ya dawo cikin 'yan makonni, ko magani ya ƙi aiki, ko ta sha antibayotik kwanan nan, ko ana zaton ƙoda. A ɗebi fitsarin tsakiya a mazubi mai tsabta kafin a sha ƙwayar farko, a kai shi ɗakin gwaji cikin sa'o'i biyu ko a ajiye a firiji.

Tambayoyin da ke yanke zaɓi

Tambaya mafi amfani ita ce wane antibayotik majinyaciyar ta sha a cikin watanni uku da suka wuce, ko da don wani ciwo ne daban. Dalili kuwa shi ne ƙwayar da ta shiga mafitsara daga hanjinta ta fito, kuma idan ta sha wani magani kwanan nan, waɗanda suka tsira a hanjin su ne waɗanda maganin bai iya kashewa ba. Maimaita wannan magani ɗin ɓata lokaci ne a mafi yawan lokuta. Haka nan a tambaya ko an kwantar da ita a asibiti kwanan nan, ko ta yi tafiya zuwa wata ƙasa da aka san ƙwayoyinta sun fi bijire wa magani, ko tana da sakamakon wani tsohon gwajin kalca da za a duba.

Bayan wannan sai a tambayi ranar jinin al'adarta na ƙarshe, domin mace na iya ɗauke da ƙaramin ciki ba ta sani ba, kuma idan akwai shakka a yi gwajin ciki kafin a rubuta komai. A tambaya ko wani magani ya taɓa fito mata da borin jini, ko kumburin fuska, ko saɓar fata. A tambayi lafiyar ƙodarta, da sauran magungunan da take sha kullum, musamman na hawan jini da na tsinka jini. A ƙarshe a tambaya ko an taɓa gaya mata tana da ƙarancin sinadarin G6PD, ko wani magani ya taɓa sa idanunta suka yi rawaya fitsarinta ya yi baƙi. Wannan larura ce ta gado da ta fi yawa a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ne, ko yankin Bahar Rum, ko wasu sassan Asiya, kuma tana shafar biyu daga cikin manyan magungunan da za a ambata.

Nitrofurantoin

Idan babu abin da ya hana, da wannan ya kamata a fara. Tun 1953 ake amfani da shi, amma har yau mafi yawan ƙwayoyin E. coli a ƙasashe da dama ba su iya bijire masa ba, saboda yana kai wa ƙwayar hari ta fuskoki da yawa lokaci guda, kuma ba a amfani da shi don wani ciwo daban face na fitsari. Jiki yana fitar da shi da sauri ta ƙoda, don haka yakan taru da yawa a mafitsara alhali abin da ke cikin jini kaɗan ne. Wannan hali nasa shi ne ya sa ya fi dacewa da ciwon mafitsara, kuma shi ne ya sa ba ya da amfani ko kaɗan idan ciwon ya kai ƙoda ko ya shiga jini, ko kuma ya shafi furostat, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Akwai nau'i biyu, kuma rashin bambance su yana jawo gazawar magani. Nau'in da ke narkewa a hankali ana shan miligiram 100 sau biyu a rana. Nau'in da ke narkewa nan take kuwa ana shan miligiram 50 zuwa 100 sau huɗu a rana, wato kowace sa'a shida, kuma idan aka sha shi sau biyu kawai ba zai zauna a fitsari yadda ake buƙata ba. Saboda haka a duba kwalin a ga wane nau'i ne a hannu kafin a faɗi yadda za a sha. Game da tsawon kwanaki, ƙa'idojin Amurka sun ce biyar, hukumar NICE ta Birtaniya kuma a ƙa'idarta ta 2018 ta ce uku sun isa ga macen da ba ta da juna biyu. Ni dai na fi natsuwa da kwana biyar, domin hujjojin da aka tara a kan wannan tsawon sun fi ƙarfi, amma wanda ya bi ƙa'idar ƙasarsa bai yi kuskure ba.

A sha shi da abinci, domin hakan yana ƙara yawan abin da jiki ke ɗauka kuma yana rage tashin zuciya, wanda shi ne abin da aka fi kuka da shi. A gaya wa majinyaciyar tun farko cewa fitsarinta zai iya komawa ruwan ɗorawa mai duhu ko ruwan ƙasa, kuma wannan ba illa ba ce, domin da yawa sukan tsorata su daina sha. Ba a ba da shi ga mai ƙarancin G6PD, domin yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma saboda wannan dalili ne ake guje masa a makonnin ƙarshe na ciki da kuma ga jarirai sababbin haihuwa. Ba a ba da shi idan ƙoda ta yi rauni sosai, domin a lokacin ba ya isa fitsari yadda ya kamata, sai ya taru a jini ya yi illa. Birtaniya ta sa iyakar a 45 a ma'aunin eGFR, wato gwajin da ke nuna ƙarfin aikin tace jini na ƙoda, tare da sassauci zuwa 30 ga gajeren magani idan babu wani zaɓi, masanan kula da tsofaffi a Amurka kuma sun sa iyakar a 30. Illolinsa masu tsanani ga huhu da hanta an fi ganinsu ne ga masu shansa watanni, amma tari ko sarƙewar numfashi ko zazzaɓin da ya taso bayan an fara shi dalili ne na dakatarwa nan take. Ƙwayar Proteus kuwa a halittarta ba ta jin wannan magani, don haka idan kalca ta nuna ita ce, sai a canza.

Co-trimoxazole da trimethoprim

Co-trimoxazole haɗin magani biyu ne, trimethoprim da sulfamethoxazole, kuma idan ƙwayar tana jinsa, aikinsa yana da kyau ƙwarai: ƙwaya ɗaya ta miligiram 960, ko biyu masu 480, sau biyu a rana har kwana uku. A wasu ƙasashen trimethoprim kaɗai ake bayarwa, miligiram 200 sau biyu a rana na kwana uku. Matsalarsa ita ce shekarun da aka kwashe ana amfani da shi barkatai sun sa E. coli ta bijire masa a wurare da yawa. Ƙa'idar da aka sani ita ce kada a ba da shi da ka, wato ba tare da gwajin kalca ba, idan ƙwayoyin da ke bijire masa a yankin sun haura kashi 20 cikin 100, kuma a sassa da dama na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka an daɗe da wuce wannan iyaka. A irin waɗannan wurare wurinsa shi ne bayan sakamakon kalca ya nuna yana aiki. Wanda ke shansa kullum don rigakafi, kamar wasu masu ɗauke da ƙwayar HIV, kusan tabbas ne ba zai yi masa aiki a mafitsara ba.

Shi ne kuma ya fi sauran rikici da wasu magunguna. Yana ɗaga sinadarin fotashiyam a jini, abin da ke da haɗari ga tsofaffi masu shan magungunan hawan jini irin su lisinopril ko losartan ko spironolactone. Yana ƙara ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini, har ya kai ga zubar jini, kuma haɗa shi da methotrexate, maganin ciwon daji da amosanin gaɓɓai, yana iya durƙusar da ɓargo. Ana guje masa a watanni ukun farko na ciki saboda yana tauye aikin sinadarin folik asid, ana kuma guje masa ga mai ƙarancin G6PD. Duk wanda ƙuraje suka feso masa, ko bakinsa ya fara gyambo bayan ya fara sha, ya dakatar ya nemi likita a ranar, domin a lokuta ƙalilan wannan mafarin wata mummunar saɓar fata ce da ke iya kisa.

Fosfomycin da pivmecillinam

Fosfomycin gari ne na giram 3 da ake narkarwa a ruwan da ba mai zafi ba a sha sau ɗaya tak, kuma ya fi kyau a sha shi ciki babu abinci, da dare bayan an yi fitsari, domin ya daɗe a mafitsara. Sauƙinsa a fili yake ga wadda ake tsoron ba za ta iya bin magani na kwanaki ba, kuma yana kashe da yawa daga cikin ƙwayoyin E. coli da suka gagari sauran magunguna. Sai dai ƙarfinsa bai kai na nitrofurantoin ba: a wani gwaji da aka wallafa a 2018, mata kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka sha nitrofurantoin na kwana biyar sun warke sarai bayan kwana 28, a ɓangaren fosfomycin kuwa kashi 58 ne. Saboda wannan, da kuma buƙatar adana shi don ƙwayoyi masu taurin kai, ya fi dacewa ya zama zaɓi na biyu. A sanar da majinyaciyar cewa ko da yake sau ɗaya ake sha, sauƙin yakan ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya cika, kuma gudawa mai sauƙi tana iya biyo baya.

Pivmecillinam ɗan gidan fenisilin ne da ƙasashen arewacin Turai suka shafe shekaru da dama suna amfani da shi ba tare da ƙwayoyi sun bijire masa sosai ba, Amurka kuma ba ta amince da shi ba sai a 2024. Adadinsa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a bi abin da hukumar ƙasar ta tsara. A haɗiye shi da ruwa mai yawa a zaune ko a tsaye domin kada ya maƙale ya ƙona maƙoshi, kuma ba a ba wa wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin, ko mai shan valproate don farfaɗiya.

Idan duk waɗannan ba su samu ba ko ba su dace ba, ana komawa ga amoxicillin mai haɗe da clavulanic acid, ko cefalexin, na kwana biyar zuwa bakwai. Suna aiki, amma ciwon ya fi saurin dawowa bayansu, kuma sun fi jawo gudawa da ƙaiƙayin gaba. Amoxicillin ko ampicillin shi kaɗai kuwa kada a ba da shi da ka, domin E. coli ta bijire masa a kusan ko'ina, sai dai in kalca ta nuna yana aiki.

Dalilin da ya sa ake ajiye ciprofloxacin gefe

Babu mai musun cewa ciprofloxacin da levofloxacin suna warkar da ciwon mafitsara cikin kwana uku idan ƙwayar tana jinsu, kuma wannan ne ya sa suka shiga ran masu rubuta magani. Amma amfani da su a nan kamar yanka kaza da takobi ne, domin su ne kusan kawai magungunan haɗiya da ake dogara da su idan ciwon ya kai ƙoda ko furostat, kuma duk lokacin da aka kashe su a kan ciwon da nitrofurantoin zai iya warkarwa, ana rage damar da za su yi aiki ranar da rai ke cikin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a tsarin AWaRe da ta fito da shi a 2017, ta raba antibayotik gida uku: na amfanin yau da kullum, na taka-tsantsan, da na ajiya. Nitrofurantoin da co-trimoxazole suna rukunin farko, ciprofloxacin kuwa yana na biyu. A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa akwai ƙarin dalili, domin levofloxacin yana cikin manyan magungunan tarin fuka mai bijire wa magani, kuma shansa barkatai yana iya ɓoye cutar ya jinkirta gano ta.

Ga majinyaciyar kanta ma akwai haɗari. Wannan rukuni yana iya jawo kumburi ko tsinkewar agara, da lalacewar jijiyoyin da ke kawo jin tsira-tsira da mutuwar gaɓoɓi wadda wani lokaci ba ta warkewa, da rikicewar bugun zuciya, da raunin babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya, kuma haɗarin agara ya fi yawa ga waɗanda suka haura shekara 60 da masu shan magungunan siteroyid. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a yi amfani da su a ciwon mafitsara maras sarƙaƙiya matuƙar akwai wani zaɓi, Tarayyar Turai kuma ta ƙuntata amfani da su a 2019. Idan har ya zama dole a ba da ciprofloxacin, a raba shi da maganin gyambon ciki na ruwa da ƙwayoyin ƙarin jini da na kalshiyam da sa'o'i, domin suna ɗaure shi a hanji su hana shi shiga jiki.

Wannan magana ta shafi allura ma. Ceftriaxone da gentamicin ba su da gurbi a ciwon da ya tsaya a mafitsarar macen da ke iya haɗiyar magani, kuma zaton cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi ba shi da tushe a nan. Haka nan jera magunguna uku ko huɗu lokaci guda, a haɗa da metronidazole da fluconazole wai don a rufe kowace ƙofa, alama ce ta cewa ba a tantance ciwon ba. Metronidazole ba ya taɓa E. coli, fluconazole kuwa ba na bakteriya ba ne gaba ɗaya. Magani ɗaya da aka zaɓa da hujja ya isa.

Bayan an fara magani

Ya kamata a fara jin sauƙi cikin sa'o'i 48. Kafin nan paracetamol ko ibuprofen yana rage raɗaɗin, kuma a sha ruwa isasshe. Ga macen da alamominta ba su da tsanani kuma ta fi son ta jira, ana iya ba ta takardar magani da sharaɗin ta fara sha idan kwana biyu suka wuce babu sauƙi, domin wani kaso na wannan ciwo yana warkewa da kansa. Sai dai a gaya mata gaskiya cewa gwaje-gwajen da suka kwatanta maganin zafi kaɗai da antibayotik sun nuna ciwon ya fi daɗewa, kuma an ɗan fi samun hawansa zuwa ƙoda. A cika kwanakin da aka rubuta, kada kuma a ƙara a kansu, domin tsawaita magani zuwa kwana goma ba ya ƙara warkewa, illa kawai yake ƙarawa.

Idan kwana biyu ko uku suka wuce babu canji, kada a sabunta maganin da aka bayar kuma kada a yi tsalle zuwa mafi ƙarfi da ka. A ɗauki fitsari a kai kalca, a sake nazarin ko tun farko ciwon mafitsara ne, sannan a koma ga wani magani daga wani rukuni daban kafin sakamako ya fito. Zazzaɓi ko ciwon kwiɓi ko amai a kowane lokaci yana nufin a koma asibiti a ranar. Idan kuwa alamomi sun tafi, babu buƙatar sake gwajin fitsari don tabbatarwa, domin samun bakteriya a fitsarin wanda ba ya jin komai ba ciwo ba ne, kuma ba a ba shi magani sai ga mai juna biyu da wanda za a yi wa aikin da zai raunata hanyar fitsari. Wannan ya fi shafar tsofaffi, waɗanda da yawansu ke ɗauke da bakteriya a fitsari shekara da shekaru ba tare da wata illa ba, kuma warin fitsari ko duhunsa kaɗai bai isa hujjar antibayotik ba.

Macen da ciwon ya kama sau biyu cikin wata shida, ko sau uku cikin shekara, ta shiga rukunin masu ciwo mai maimaituwa, kuma a nan kowane sabon kamu yana buƙatar kalca, sakamakon baya-bayan nan kuma shi zai jagoranci zaɓin magani na gaba, don haka ta riƙa adana takardun gwajinta tana zuwa da su. Ƙara shan ruwa da kimanin lita ɗaya da rabi a rana ya rage yawan dawowar ciwon kusan da rabi a wani gwaji na matan da a da ba sa shan ruwa sosai, man istirojin, wato sinadarin jikin mata, na shafawa a farji yana taimaka wa waɗanda suka daina jinin al'ada, kuma methenamine hanya ce ta rigakafi da ba antibayotik ba. Akwai kuma sababbin magunguna, irin su gepotidacin da Amurka ta amince da shi a 2025, amma wurinsu shi ne inda kalca ta nuna tsofaffin sun gaza, kuma likitan da ya ga sakamakon da idonsa ne zai yanke wannan shawara.